Wanda Ya Amsa wa Wulana

Duk shekara idan aka turo mana ɗalibai su koyi aiki, ranar farko nakan kama su suna satar kallon kujerata. Kujera ce mai juyawa, ga sanyi na busowa daga sama, ga gilashi tsakanina da mara lafiya, ga Tamale can waje tana gasa mutane. Na san abin da ke ransu: wannan tsohuwa hutawa take yi ana kiranta ma'aikaciya. Wata 'yar ƙanwata ma ba ta tsaya ɓoye-ɓoye ba, a gidan suna ta ce min, "Mma Adisa, ai aikinki danna maɓalli ne kawai." Ban musa mata ba, don maɓallin ina danna shi. Abin da ba ta sani ba shi ne wahalar da ake sha kafin yatsa ya kai kansa, kuma ita nake so ku ɗaliban bana ku ji tun kafin ku fara rabon kujerar a tsakaninku.

Ni ba a kan kujera na fara ba. A ɗakin duhu na fara, zamanin da ake wanke hoton ƙashi da hannu, ƙarƙashin wani dattijo da muke kira Masta Isaka. Na daɗe a hannunsa ban taɓa inji ba. Aikina tsoma fim a ruwan magani, ɗauraye shi, shanya shi, sai kuma shirya mutum a kan gado. Idan hoto ya fito dishi-dishi, Masta ba ya ganin laifin mara lafiya, ni yake kira. Sai ya ɗaga fim ɗin a hasken taga ya ce mutumin nan ya motsa ne don ban gaishe shi yadda ya kamata ba. Na ɗauka rigimar tsufa ce, sai ranar da aka kawo wani mahauci daga babbar kasuwa, ƙato wanda ke kayar da sa shi kaɗai, yana karkarwa a gaban injin hoto. Masta ya tsaya yana tambayarsa lafiyar gida, da ta yara, da ta shanu, har da ta wuƙarsa. Mutumin ya manta inda yake, ya tsaya cak, aka ɗauka. Daga ranar na daina raina gaisuwa.

Lokacin da aka kawo injin MRI cibiyar da nake aiki, kan hanyar Vittin, na riga na fara furfura. Aka tura ni kudu na koyo, na dawo da takardar shaida da kuma tsoron ƙarfe. Injin nan maganaɗisu ne mai girman ɗaki, da rami a tsakiya inda ake tura mutum, kuma ba a kashe shi ko ranar salla. Duk abin da yake ƙarfe, idan ya matso, fizge shi yake yi. Saboda haka rabin aikina a bakin ƙofa nake yin sa, ina laluben mutane: makulli, ɗan kunne, fil ɗin mayafi, har kwallin ido sai an wanke shi.

Akwai wani direban yalo-yalo, babur ɗin nan mai ƙafa uku, daga Lamashegu da ya zo hoton baya. Na tambaye shi ko akwai ƙarfe a jikinsa, ya rantse babu. Na tambayi abin da ke kumbure a kugunsa, ya ce guru ne, kuma wanda ya ɗinka masa ya tabbatar masa rubutu ne zalla a ciki. Na ɗauko ɗan maganaɗisun da nake ajiyewa a tebur don irin wannan rana, na kai shi kusa da kugun, sai ƙwas, ya manne. Mutumin ya daɗe yana kallon abin. Ciwon bayan ma ya manta da shi, tambayata yake ko zan iya gaya masa me aka cusa a ciki, tunda shekaru yana yawo da shi bai sani ba. Na ce ya cire ya ba matarsa ta riƙe, in ya koma gida ya tambayi mai ɗinkin.

Mummunar shekararmu ita ce ta dumso, lokacin da wutar lantarki ta zama baƙuwa a garin nan. Cikin injin akwai wani ruwa mai tsananin sanyi da ke riƙe da ƙarfin maganaɗisun, kuma shi ma sai ana sanyaya shi ba ƙaƙƙautawa. Janareta ya yi iya ƙoƙarinsa har ya gaji. Wata rana da azahar muka ji wani irin gurnani, ruwan nan ya tafasa ya fice ta bututun rufi, farin hayaƙi ya turnuƙe sama. Unguwa ta ɗauka gobara ce. Kafin mu ankara maƙwabta sun cika harabar da bokitai, yawancinsu na ƙarfe. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin na ware hannuwa, ina roƙon mutanen da suka zo taimakonmu su koma da taimakonsu, wani tsoho yana ta zagina wai zan bar dukiyar mutane ta ƙone. Watanni muka yi inji na kwance. Marasa lafiya sai dai mu tura su Kumasi, masu hali su tafi, marasa hali su ce za su yi shawara, shi ke nan ba ma sake ganinsu. Wannan ya fi komai ci min rai. Kullum da safe nakan shiga na goge injin, sannan na koma ɗakin hoton ƙashi.

Bayan an tashe shi ne muka samu likitan zuciya, Dokta Ofori, Ba'ashante wanda ya tashi a gefen zangon Kumasi, don haka Hausa ba ta yi masa wuya. Shi ya kawo mana aikin da ya fi kowanne wahala, wato auna jinin da zuciya ke turawa. Gwiwa idan ka ce mata ta tsaya, za ta tsaya. Zuciya ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto, kuma ba ma fatan ta tsaya. Don haka inji ba ya ɗaukar hoton gaba ɗaya. A kowane bugu yakan ɗauki ɗan yanki, daga baya ya harhaɗa su ya ce ga jinin da ya fita, ga wanda ya komo baya. Amma sai ya san daidai lokacin da kowane bugu ya fara. Kun ga mai juya fufu a turmi, yadda hannunta ke shiga tsakanin saukar taɓarya da saukar taɓarya. Haka injin yake, sai an ba shi abin da zai riƙa gaya masa taɓarya ta sauka.

Hanyar da kowa ya sani ita ce ta lantarki. Ana manna sitika huɗu a ƙirji, da wayoyinsu, su kama ɗan lantarkin da zuciya ke fitarwa. A allo sai ka ga layi ya yi tsini dogo, sannan ɗan tudu, tsini dogo, ɗan tudu. Tsinin inji ke jira. A littafin makaranta abin ba wuya. A Tamale kuwa ga gumi, ga gashin ƙirji, ga man kaɗe da iyayenmu ke shafawa har su yi sheƙi, sitika ba ta ganin wurin zama. Ko an shawo kan wannan, akwai matsalar da auduga ba ta gogewa. Jini yana da gishiri, idan ya ruga da ƙarfi a cikin maganaɗisu shi ma lantarki yake haifarwa. Sai ɗan tudun nan ya kumbura ya kai tsayin tsini, inji ya rasa wanne ne wanne, ya ƙirga bugu ɗaya sau biyu. Wato jinin da muke son aunawa shi ne yake ɓata mana ma'aunin.

Wanda ya nuna min wannan a aikace wani dattijon Dagomba ne daga wani ƙauye bayan Gurugu. Ba wanda ke kiran sunansa, sarautarsa ake kira, Mba Wulana. A fadar ƙauyensu shi ne bakin sarki: duk wanda ya zo gaisuwa, shi ke amsawa a madadin sarki, sarki na zaune bai ce uffan ba. Tun yana da baƙin gemu aikinsa ke nan. Matarsa, Mma Sanatu, ita ta jawo shi wajenmu, don ya fara kasa ƙarasa gaisuwa sai ya tsaya neman numfashi, kuma ba ya samun barcin kirki. Dokta ya duba ya ce ƙofar babbar jijiyar da ke fita daga zuciyarsa ba ta rufuwa sosai, jini na komawa baya. Abin da ba a sani ba shi ne yawansa, kuma ƙaramin injin da ke ofishin Dokta bai raba gardamar ba. Idan kaɗan ne, magani ya isa, tsaga ƙirjin tsoho zai zama kasada a banza. Idan da yawa ne, dole ya tafi Accra a canja ƙofar kafin zuciyar ta kumbura ta wuce gyara. Shi kuwa ya riga ya shaida wa kowa a fada cewa ba wanda zai buɗe shi kamar ragon layya.

Zuwansa na farko, gaisuwa kaɗai ta cinye mana lokacin mutum guda. Ya gaishe ni, ya gaida mai gadi, ya gaida mai shara, da ya shiga ɗakin ya ga injin sai ya ɗan rusuna masa shi ma, don bai san matsayinsa ba. Da ya cire batakarinsa, rigar saƙin nan tasu, sai na ga ƙirji cunkus da farin gashi, yana ƙyalli da mai. Man kaɗe sana'ar Mma Sanatu ce, da ta ji za a zo asibiti sai ta ninka masa, kada likitoci su ce ba a kula da shi a gida. Na fito da shi waje, na ɗauko reza. Ya tambaye ni laifin da gashin ya yi. Muka yi ta ja-in-ja har ya yarda, da sharaɗin wuraren sitika kawai za a aske, kuma a tattara masa gashin a takarda ya tafi da abinsa, don ba ya barin gashinsa a hannun baƙi. Na goge da auduga da sifirit har fatar ta yi ja, na manna, na tura shi ciki.

A waje layin lafiya lau. Yana shiga ramin, tudun ya miƙe ya yi kafaɗa da tsini. Masu irin ciwonsa zuciyarsu tana tura jini da ƙarfi fiye da ta kowa, don haka abin ya fi muni a kansa. Na sauya wa sitika wuri, na sake. Muka gwada ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa, sanyin ɗakin ya sa yatsun suka ƙi ba da komai. Duk aunawa da amsarta daban. Wata ta ce kaɗan ne ke komawa, wata ta ce fiye da rabi, wata ma ta ce jinin da ke komawa ya fi wanda ya fita, abin da ko a mafarki ba ya yiwuwa. Dokta mutum ne mai gaskiya, bai ɓoye masa ba. Mba Wulana ya saurara yana gyara zaman hularsa, sannan ya ce da irin Hausarsa:

"Dokta, a fada, mutum mai magana biyu ba mu jin shi. Ran da injin ka ya yi magana ɗaya, ka kira ni."

Da ya fita, Mma Sanatu ta tsaya baya ta kama hannuna. Ta ce, "Madam, ka taimake ni. Shi ba zai dawo sau yawa ba." Na ce in sha Allah, alhali ban san ta inda zan fara ba.

Ba a jima ba Dokta ya dawo daga wani taro da ɗan ƙaramin akwati da ya aro wajen abokin karatunsa, da wani dogon tiyo naɗe a kafaɗa. Na tambaye shi ko lambu za mu fara. Ya yi dariya ya ce wannan kunne ne. A bakin tiyon akwai ɗan faifai irin na abin da likitoci ke sauraron ƙirji da shi, amma na roba, babu ƙarfe babu waya. Ana ɗora shi a ƙirji, ko a kan riga ma, sautin zuciya ya biyo cikin tiyo, ya ratsa wata kafa a bango, ya iso akwatin a wajenmu. Akwatin sai ya tace ƙarar injin ya watsar, don ita siririya ce mai tsini, ta zuciya kuwa kauri gare ta. Da ya ji "dum" ɗin farko, lokacin da ƙofofin zuciya suka rufe, sai ya ce wa inji ɗauka. Babu aski, babu sitika, kuma jini ya haifi lantarkin da ya ga dama, kunne bai san yana yi ba.

Ni dai ban yarda ba sai da na gani. Muka gwada a kan mai gadinmu, hoto ya fito tas. Muka gwada a kan Dokta kansa ranar da bai karya ba, akwatin ya yi ta ƙirga kukan cikinsa, daga nan muka koyi cewa ba a shigar da mai yunwa. Marasa lafiya da dama da lantarki ya ba mu ciwon kai a kansu, kunne ya warware mana. Ɗalibai kan tambaye ni wanne ya fi a cikin biyun, su rubuta. Nakan ce kowanne da abin da ke ruɗa shi, kuma ba ka sanin wanne za ka ɗauka sai mutumin ya kwanta a gabanka. Mu dai a lokacin ba mu da halin dogon nazari, don mai akwatin ya fara waya yana tambayar kayansa. Muka aika wa Mma Sanatu ta kawo mana mutuminta, amma a ba shi koko da ƙosai kafin ya fito.

Da ya ji babu aski sai ya ce yanzu muka fara hankali. Na ɗaure masa faifan a ƙirji, na sa masa abin rufe kunne wanda ta cikinsa yake jin muryata, na gargaɗe shi babu motsi babu magana. Na koma kujerata. Layin ya fito tsaf, bugu na bin bugu, Dokta har ya fara murmushi. Na danna abin magana na ce, "Mba, ja numfashi. Fitar. Riƙe." Na danna maɓallin nan da kuke yi wa kallon banza. Sai ga wani bugu ya faɗo tsakani, babba, wanda ba na zuciya ba, inji ya bi shi, hoto ya dagule. Na sake, haka dai. Kuma kullum a wuri ɗaya yake faɗowa, daidai farkon ɗauka. Dokta ya ce ko ƙofar da ta lalace ce ke wani sauti, ni na ce ko tiyo ne ke gogar bango. Na bi tiyon da rarrafe tun daga akwati har gado, da wannan gwiwar tawa, ban ga komai ba.

Akwatin yana da wata kafa da ake sa abin sauraro. Dokta ya sa a kunnensa ya ce na sake ba da umarni. Ina kallonsa fuskarsa ta canja, ya cire ya miƙo min yana danne dariya. Na sa a nawa kunnen, na ce, "Riƙe." Ga zuciyar tsoho tana bugawa, dum-dum, dum-dum, sai daga can ƙasan ƙirji wata murya mai kauri ta taso a hankali, cikin ladabi: "Naaa."

Duk wanda ya zauna da Dagomba ya san wannan kalma. Da ita ake amsa gaisuwa, da ita ake nuna an ji magana. Na hana shi magana, ya kuwa kiyaye, bai buɗe baki ba. A maƙogwaro yake yin ta, yadda ba zan ji ta lasifika ba. Amma faifan yana zaune daidai inda take fitowa, kuma kaurinta ɗaya da na bugun zuciya. Da lantarki muke aiki, da ya yi ta amsawa har la'asar injin bai ji ba. Kunne kuwa duk abin da ƙirji ya faɗa ji yake yi.

Na shiga na jawo gadon, na yi masa bayani dalla-dalla, na ce idan na yi magana kada ya amsa ko kaɗan. Ya ce, "Naa." Na ce ai wannan ɗin nake nufi. Ya ce ya gane, amma na yi masa adalci: mace mai furfura ta yi masa magana, ya bar maganar ta faɗi ƙasa, in aka ji a ƙauye da wane ido zai kalli mutane? Na ce ba wanda zai ji. Ya ce ai ga shi mun ji.

Muka gwada yin shiru gaba ɗaya, a bar shi ya yi numfashinsa inji ya bi a hankali. Mutumin da ke bin bashin barci ya samu sanyi da gado, sai minshari, wanda ya fi amsawar muni nesa ba kusa ba. Muka lalube Mma Sanatu tas muka shigar da ita ta tsaya wajen ƙafarsa, idan na ɗaga hannu ta matsa masa babban yatsa, ba sai an yi magana ba. Ta matsa. Ya ce, "Naa?" Ta fito tana faɗa da Dagbanci, yarensu, abin da na tsinta a ciki shi ne a gida in ta kira shi sai muryarta ta dishe bai amsa ba. A waje mutane sun cika benci suna jira, wata mata har ta fara leƙowa. Ni kuwa dariya ta riga ta gudu daga bakina, don na san idan ya sauka daga gadon nan yau babu amsa, ba zai sake hawa ba, kuma akwatin ma tafiya zai yi.

Dokta ya leƙa tsohon ta gilashi. Sai ya tambaye ni, a fadarsu wane ne ake yi wa magana ya yi shiru kuma ba a ce ya yi rashin kunya ba. Na ce sarki. Ya ce haka yake a wajensu ma, kakansa shi ne mai riƙe sandar magana a garinsu, ya san aikin. Ya zazzage aljihunsa, ya cire agogo da bel, ya shiga. Ban taɓa ganin likita ya tsuguna a ɗakin nan ba sai ranar. Ya tsuguna a gefen gado yadda ake yi a gaban manya, ya ce:

"Mba, yau kai ne sarki a ɗakin nan, ni ne wulana. Duk abin da Madam ta faɗa ni zan amsa maka. Maganarta ba za ta faɗi ƙasa ba."

Tsohon ya juyo da kai ya ƙare masa kallo. Ya ce wannan ba aikin wasa ba ne, ya yi ya ji. Dokta ya yi. Mba Wulana ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa, ya ce da wannan ai akuya ake kora. Ya sa shi ya yi ta maimaitawa, a sauke murya, a ja ta, a bar ta ta sauka da kanta. Babban likitan zuciya na tsugune yana karɓar darasi, ni da Mma Sanatu muna cizon mayafi. Daga ƙarshe ya ce ba laifi, a haka za a lallaɓa.

Muka koma bayan gilashi. Na danna abin magana, Dokta ya sunkuyo kusa da ni. Na ce, "Mba, ja numfashi." Dokta ya ce, "Naaa." Na ce fitar, ya amsa. Na ce riƙe, ya amsa. Abin sauraron na kunnena, ban ji komai daga ƙirjin nan ba sai zuciya, da wani ɗan huci a bayan kowane bugu, wanda shi ne jinin da ke komawa. Ina hango ƙafafunsa a miƙe, ko yatsa bai motsa ba. Muka auna, muka sake aunawa, muka ƙara don kada a ce. Duk amsar ɗaya ce. A aikinmu ba abin da ya fi wannan daɗi, amma ranar ba wanda ya yi murna, don amsar da ta yi ta maimaita kanta ba mai kyau ba ce. Kusan rabin abin da zuciyarsa ke turawa dawowa yake yi.

Bayan ya mayar da batakarinsa da hularsa muka zauna a ofis, shi da matarsa da ni. Dokta ya juya masa allon ya nuna masa, ya ce inji ya yi magana ɗaya kamar yadda ya nema. Ya gaya masa ba kwana-kwana: magani ba zai riƙe wannan ƙofa ba, aikin yana da haɗari, amma rashin yin sa ya fi, kuma lokacin da ya rage ba shi da yawa. Ya ce ya kamata ya tafi Accra.

Muka jira. Mutumin da muka yi ta fama da shi tun safe ya yi shiru, yanzu ya yi shi ba wanda ya roƙe shi. Maganar Dokta ta faɗi a gabansa yana kallo. Na gane ba taurin kai ba ne. Tsoro ne, sannan ya riga ya faɗa a gaban fada cewa ba za a tsaga shi ba, bakinsa ba zai iya warware abin da ya ƙulla ba. Tausayinsa ya kama ni har na kau da kai. Mma Sanatu ta ja mayafi ta rufe fuska.

Can ya ɗago. Bai kalli allon ba, Dokta ya kalla.

"Ni ban sallame ka ba tukuna," in ji shi. "An yi wa sarki magana. Kana jiran me?"

Dokta ya miƙe daga kujerarsa, ya zagayo teburin, ya tsuguna. Ya ja muryarsa yadda aka koya masa.

"Naaa."

Mba Wulana ya gyaɗa kai a hankali. Ya juya wajen matarsa ya ce ta ji da kunnenta, wulana ya riga ya amsa, kuma in wulana ya amsa sarki ba ya komawa baya. Ya ce ta share fuskarta, ta je ta fara haɗa musu kayan tafiya.